Gafiya da Kuɗin Wuri

Aikina magana ne. Maliki ke tada inji, ya ɗaura faifai, hoto ya fito a farin ƙyalle, ni kuma in riƙe lasifika in gaya wa mutane abin da suke gani. Muryar da ke cikin faifan ta Bature ce. Maliki yakan rage ta har ta koma kamar kukan sauro, ni kaɗai ke jin ta, don a gindin akwatin nake zama. Fam huɗu a wata. Shekara biyar na yi a sakandare, na fito na zauna wata goma sha ɗaya a Yelwa ina rubuta takardun neman aiki, kafin wannan ya samu. Ban taɓa son sa ba. Amma shi ke gare ni, kuma shi ya sa Inna ta daina kallona ta wutsiyar ido in an zuba tuwo.

A ranin da ya gabaci toshe kogin Kwara a Kainji, ofishinmu ya tura mu da motar majigi garuruwan da ruwa zai ci, mu nuna musu madatsar da gidajen da aka gina musu a tudu. Wata Laraba muka isa Tungar Kaiwa, a ƙasar Ngaski, bakin ruwa. Jajibirin kasuwa ne. Garin kakata ne, Tamada, wadda ta haifi Inna.

Na same ta tana ware albasa a inuwar rumbu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, haƙori uku, duk ukun goro ya rina. Ta dube ni daga takalmi har hula, ta ce ashe mijin nata bai mutu ba. Ta tambayi tsaraba. Na ce gwamnati ba ta biya ba tukuna.

“Ango hannu Rabbana,” in ji ta. “Shekara nawa ina haƙuri da kai. Zamna ka sha hura kahin in sake miji.”

Da la'asar muna kafa ƙyalle a filin kasuwa sai ga Arzika. Shi ne dillalin albasa na tungar, shekara ashirin. A gidansa fataken Ilorin ke sauka, shi ke tsayawa tsakaninsu da matan da suka noma. Dabararsa ɗaya ce, kowa ya san ta, kuma kullum tana ci. Yakan riga labari isowa. Da sanyin safiya zai sallama wa mace, kafin jirgin Yelwa ya kawo farashi, ya taya, ya kira mutum biyu su tsaya. Da ta ce ta sallama, shi ke nan. In hantsi ya yi ta ji albasa ta tashi, ta zo tana kuka, sai ya buɗe hannuwa ya ce sallama kibiya ce, in ta fita ba ta dawowa. Haka dokar kasuwar take tun kafin a haife shi, shi dai ya fi kowa cin moriyarta.

Ya tsaya yana sakace, mutanensa a baya.

“Ɗan Hansatu ne wanga? Sahabi, wanda anka kai boko?”

Aka ce ni ne.

“Shekara biyar. Ashe roƙo anka koya maka. Maroƙan da mun sani sarki suka yi wa kirari, kai ƙyalle kaka yi wa.”

Aka yi dariya. Maliki ma ya yi, yana ɓoye fuska a bayan inji. Na ci gaba da ɗaure igiya.

Ana idar da sallar magariba fili ya cika. Maza a dama, mata a hagu, masu jirage daga gungaye sun zauna a kan filafilansu. Faifan farko na madatsa ne: manyan motoci na kwasar duwatsu, sai jerin gidajen siminti masu rufi kamar kifaffiyar ƙwarya. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ba wanda ya yi tari. Mutanen nan ba su taɓa kama majigi da ƙarya ba. Ya nuna ƙidaya, aka zo aka ƙidaya su. Ya nuna lamba, aka zo aka tsaga musu dantse. Ko da ya nuna ƙudaje da huluna suna shiga tukunya, aka yi ta dariya, bayan wata biyu sai ga duba-gari yana leƙa randunan mutane. Tun daga nan suka ɗauka in gwamnati ta zana dabba, mutum take nufi, kunya ce ta hana ta kama suna.

Maliki ya manne faifai na biyu a wutsiyar na farko don kada ya tashi sau biyu. Saboda haka gidajen siminti na ɓacewa, sai wani gari ya fito, ba tsaiko. Wannan zane ne, irin wanda aka yi da hannu amma yana motsi. Ni ma ran nan na fara ganinsa.

Gungu ne a tsakiyar ruwa, dabbobi ke zaune a cikinsa, kowa da rigarsa. Kwaɗi ne masu fito. Kunkuru na yawo da kantinsa a gadon baya, in ka ƙwanƙwasa sai taga ta buɗe. Dorina ke sayar da gero, da baki take awo. Hawainiya ke sayar da atamfa, ba ta ɗauko ko turmi ɗaya, jikinta take rikiɗawa har mai saye ya ga launin da ya yi masa. Kuɗinsu kuwa wuri ne, farin wuri irin na kakanni, wanda aka daina karɓa tun zuwan ƙarfen Turawa. Sai dai nasu yana da ƙafafu. Mai saye zai ajiye shi a ƙasa, shi kuma ya miƙe ya taka da kansa, ya hau jakar mai kaya. Komai da kuɗinsa a rubuce. Fito wuri ɗaya, awon gero uku.

Wajen mata ya fara guna-guni. Wata ta ce ko gaisawa ba su yi ba. Wata ta ce ba tayi, ba albarka, wannan ai ƙwace ne da ladabi. Muryar Tamada ta fito sama da ta kowa, tana tambaya ko dorinar ta ba da gyara. Na duba, na ce ba ta bayar ba. Ta ce da ganin bakin nan ta san ba 'yar mutunci ba ce.

Akwai wani zalɓe a bayan taga, da tabarau. Duk wanda ya kai masa wurinsa, sai ya buga hatimi a ɗan littafi da baki, ya zuba wurin a wani kwando mai ɗumi. Can sai a ga sun haifi 'yan ƙanana suna bin iyayensu. Wanda aka bari a jaka kuwa barci yake, har da minshari. Liman ya yi gyaran murya, ya ce haihuwar nan akwai magana a cikinta. Ba wanda ya kula shi.

Wani daga cikin masu jirage ya tambaya, wa ke cin la'ada a kasuwar. Na ce babu dillali a garin. Dariyar da aka yi ta fi ta ɗazu, kuma ba ni aka yi wa ba.

Sai ga gafiya. Ita ba ta zuwa gun zalɓe. Tana bin gida gida tana tara wuri. Ta sayar da hularta, ta sayar da gadonta, ta sayar da ƙyauren ɗakinta, tana ɗurawa a buhu tana lodawa a jirgi. Baturen da ke cikin akwati yana cewa, a hankali, wannan ƙasa ce ta tatsuniya, babu ita a ko'ina, amma darasinta na kowa ne. Na buɗe baki zan fassara, Arzika ya riga ni.

“Kai maroƙi. Wane gari ne wanga?”

Na dube shi. Hasken ƙyalle na wasa a goshinsa.

“Can inda za a kai ku ne,” na ce a lasifika. “Haka kasuwarku za ta riƙa ci.”

Ban tsara ba. Fitowa ta yi. Kafin in ƙara ko in rage, inji ya yi tari sau biyu ya mutu, gafiya ta ɓace da buhu a kafaɗa. Maliki ya yi ta ja yana zagin wanda ya sayar mana da mai. Bai ji abin da na faɗa ba. Jama'a suka watse suna kwaikwayon tafiyar wuri. Mafi yawansu sun yi dariya sun bar abin a nan. Arzika kaɗai na ga bai tashi da wuri-wuri irin na sauran ba, yana zaune yana murza gemu.

A hanyar gida Tamada ta kama hannun rigata.

“Ango, ƙarya ka yi ko?”

Na ce na yi.

“To yi shiru. Kada ka gyara.”

Daga baya na ji yadda Arzika ya lissafa abin a ransa, don shi da bakinsa ya gaya wa aminansa. Ana yaƙi a kudu. Ba a daɗe da canja takardun kuɗi ba, kwana kaɗan aka ba mutane, wanda ya makara ya tashi da takardar ƙunsa ƙosai. To in an canja takarda, me zai hana a karɓe ƙarfe? Gwamnati na son ƙarfe ta yi harsashi. Za ta kwashe sule da kwabo ta maido da wuri, kuma a sabon gari za ta fara. Wanda ya riga tarawa shi ne attajiri. Mata kuwa, a ganinsa, sun kalli dorina ne kawai sun yi dariya.

Rana ba ta gama fitowa ba ya yi sallama a gidan Tamada. Ina kwance a ɗakin ajiyar albasa, zana ce kawai tsakanina da su. Ya kawo goro biyar. Ya gaida ta da kwana, da gajiya, da ƙafa, da jikoki ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ta mutu bara. Sannan ya koma kan tashi: kaya da yawa, motar gwamnati ƙarama, tsofaffi abin tausayi. Ya ce ya tuna uwarta ta bar mata wata tukunya cike da wuri. Ya ce wani baƙonsa na Ilorin na neman tsohon wuri don adon ganga, abin wasa dai, amma ya ga gara ta samu na goro da ta bar wa kifi.

Tamada ta ce tukunyar na nan ƙarƙashin gado, amma ba ta san ko za ta iya rabuwa da ita ba. Sadakin uwarta ne. Ta ja majina. Ban taɓa jin ta yi kuka ba, ko ran da kakana ya rasu, amma ran nan ta yi mai kyau.

Ya taya mudu taro, kwabo uku. Ta ce albarka. Ya ce sisi. Ta ce jiya uwar tata ta zo mata a mafarki. Ya ce sule, kuma don zumunci. Sai ta ce Hajara ta maƙwabta ta taɓa cewa tana so ta yi wa 'yarta adon faifan rufe ƙwarya, bari ta aika a tambaye ta. Muryar Arzika ta canja. A kan sule biyu suka tsaya.

Shi ya tashi zai kira shaidu, kamar kullum. Ta ce ya zauna ya huta, ta riga ta aika. Mutum huɗu suka shigo, har da sarkin kasuwa da carbinsa. Ta sa Arzika ya maimaita a gabansu abin da zai yi da wurin. Ya ce adon ganga. Ta ce to, ta sallama. Mudu tara aka auna, ta ƙara masa cikin tafi ɗaya gyara.

Da ya fita ta ɗaga zana ta leƙo ni. Idonta a bushe.

“Tashi ka tahi aikinka. Ni zan sauka rahi wanki.”

Ba ta da wanki. Amma a bakin ruwa mata ke haɗuwa, kuma ran kasuwa har na gungaye suna nan. Kafin mu gama naɗe ƙyalle na ga mata uku sun wuce da fartanya, ba gona suka nufa ba.

Muka yi Wara, muka yi ƙauyuka biyar a bayanta. A ko'ina inji ya yi lafiya, na fassara faifan yadda yake, na ga ƙarshensa. Labarin Tungar Kaiwa kuwa yana bin mu a jirage. An ce mata ba sa zuwa wa Arzika tare. Ɗaya bayan ɗaya suke bari ya same su, kowace da mafarkinta. An tone ƙarƙashin gadaje, an tsinke adon ƙorai, wata ta kwance na wuyan jakinta. Mudu ya kai sule uku. Da kuɗin hannunsa suka ƙare ya shiga ba da awaki, ya ba da tasoshin matarsa, ya ba da gadonsa na ƙarfe mai rumfa wanda duk tungar babu irinsa. An ce buhu goma sha ɗaya ya jera a ɗaki, yana kwana a tabarma a bakin ƙofa.

Ran Litinin ya kasa haƙuri. Ya ɗebi mudu ɗaya ya shiga jirgin Yelwa, wai ya gwada ko mutanen birni sun fara karɓa a ɓoye. Ya shiga wani kanti ya ce a ba shi gishiri, ya juye wurin a kan tebur. Mai kantin ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Daga nan ofishinmu ya nufa.

Maliki ne ya gaya mini, muna canja taya. Ya ce Malam Cindo, babban akawu, zai bi mu Tungar Kaiwa ran Laraba, a sake nuna faifan a gabansa. Ya ce in ta tabbata na sa wa gwamnati magana a baki, in ajiye lasifika. Ya tambaye ni ko na faɗa. Na ce miƙo mini sifana.

Na yi kwana biyu ina tunanin fam huɗun nan. Na tuna wata goma sha ɗaya na zaman zaure, da yadda Inna ke ajiye mini kwano ba tare da ta kira sunana ba.

Malam Cindo mutum ne mai sanyi, doguwar riga fara, alƙalami biyu a aljihu. Ya sa aka ajiye masa kujera kusa da akwatin murya. Filin ya fi na wancan makon cika, har a kan bishiyar kaiwa ta kasuwa akwai mutane. Arzika ya zauna a gaba, shi kaɗai, mutanensa sun ja baya kaɗan.

Na fassara kalma bayan kalma. Da aka zo inda Baturen ya ce ƙasar tatsuniya ce, na faɗa da ƙarfi, sau biyu. Inji bai mutu ba. Gafiya ta gama lodi, ta tura jirgi, ta kai tsakiyar ruwa. Girgizar jirgin ta tashi wurin daga barci. Suka fito daga buhuna suna miƙa, suka ga ruwa, suka ruga gefe ɗaya gaba ɗaya don su leƙa. Jirgi ya kife. Aka nuna su a ƙarƙashin ruwa sun yi layi suna tafiya abinsu, gafiya kuma a kan wani kututture, ba hula, gashin bakinta na ɗiga. Kunkuru ya wuce ta a jirgin kwaɗi da littafinsa na zalɓe. Baturen ya ce kowa ya kai kuɗinsa ajiya gidan waya. Na faɗa.

Sai wata murya daga wajen mata, a hankali, irin ta gidan makoki:

“Sannu, Arzika.”

Wani ya amsa daga kan bishiya, sannu. Daga nan kowa ya shiga yi masa sannu, babba da yaro, ba mai dariya, har da masu cewa Allah ya mayar da alheri. Ya tashi ya ratsa su ya fita.

Da safe, kafin kasuwa ta cika, aka zauna a gindin kaiwa. Sarkin kasuwa, Malam Cindo, Arzika, ni, da mata a tsaye a baya. Arzika ya fara da nasa. Ya ce an yaudare shi, a maido masa da kuɗinsa da awakinsa da gadonsa, kowace ta kwashi tarkacenta.

Tamada ta matso da sandarta.

“Arzika, mi kac ce za ka yi da su?”

Sarkin kasuwa ya ce shi dai adon ganga ya ji.

“To gangar ce ta hwashe, ko baƙon ne ya mutu?”

Ya ce ita ma ta san ba ganga ba ce.

“Ni tsohuwa, ina zan sani? Dorina na kalla. Kai da ka san wurin zai zama kuɗɗi, ka zo ka taya mini taro?” Ta juya ga sarkin kasuwa. “Mi ne ne sallama, don Allah? Na mance. Akwai wanda ke tuna muna kullum.”

Mata suka faɗa mata, baki ɗaya, har da buɗe hannuwa. Sarkin kasuwa ya ja carbi uku, ya ce ciniki ya faɗa, ba mai tada shi.

Malam Cindo ya ce wannan ba huruminsa ba ne, shi saboda ni ya zo. Ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce jiya ya saurara, ya ga aikin ba sauƙi. Murya ƙasa-ƙasa, inji na ruri, Baturen na magana ta hanci. Ya ce in yaro bai kama abin da aka ce ba ya yi cike da ka, wannan kuskure ne, jan kunne ya isa. Bai dube ni ba da yake faɗa. Ƙofa ya buɗe mini, kowa ya gani. Tamada na ƙifta mini ido har fuskarta na motsi. Kai kawai zan gyaɗa.

Arzika ya ga kuɗinsa sun tafi, ya ga abu ɗaya ya rage masa.

“Ai na hwaɗi tun ran nan,” ya ce. “Bai iya ba. Shekara biyar ɗin Hansatu sun tahi banza. Ko Turancin bai ji.”

Na miƙe. Na maimaita wa Malam Cindo jimlar da Turanci, daga farko har ƙarshe, yadda Baturen ya faɗe ta, har da jan hancin. Na fassara ta. Na ce na ji ta sarai a daren farko, kamar yadda na ji ta jiya. Na ce da gangan na faɗi abin da na faɗa.

Tamada ta ce wash, ta zauna a kan buhun wani.

Malam Cindo ya rufe fuska da hankici. Kafaɗunsa suka yi ta rawa. Da ya buɗe, idonsa ya yi ja, muryarsa daidai.

“Turancinka ya fi nawa,” ya ce. “Kai wa Maliki lasifikar.”

Motar ta tashi da hantsi. Maliki ya ajiye mini akwatina a gindin bishiya, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, bai kashe inji ba yake faɗa. Na zauna a kan akwatin. Kasuwa ta ci gaba da ci a gefena. Na ga gadon Arzika ya wuce a kan mutum biyu, za a sa shi a jirgin wani gungu.

Can Tamada ta zo. Ta tsaya a kaina ta daɗe.

“An buɗe maka ƙohwa ka bi ta bango. Wawan miji Allah ya ba ni.”

Na ce haka ne.

Ta ce amma doka doka ce. Duk wanda ya haɗa mai saye da mai sayarwa, la'ada ta hau kansa, ko da bai nema ba. Ta ce mata sun zauna, kowace ta kawo nata, ba wadda ta noƙe. Ta zaro wani ƙulli daga cikin zane ta ɗora mini a cinya. Yana da nauyi. Har na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna.

Na kwance. Wuri ne, fari fat, an wanke shi.

“Riƙe da kyau, ango,” ta ce. “Can inda za a kai mu, kai ne mai kuɗɗi.”

Matan da ke bayanta suka yi ta tuntsurawa. Ta bar su suka gama. Sannan ta nuna bakin ruwa da sanda. Fataken Ilorin uku na tsaye gun jirginsu tun safe, mai masaukinsu ya kulle kansa a ɗaki da buhuna, Hausarsu kuma ba ta wuce gaisuwa ba. Ta ce tunda Turancin nawa ya fi na akawu, in je in ji nawa suke sayen albasa.

“Ka dawo ka hwaɗa muna abin da sunka ce. Wanga karon yadda sunka ce shi.”

Na ɗaure ƙullin na sa a aljihu. Na gangara, yana bugun cinyata yana ƙara.